Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwalbar Yaya

Makon jiya na yi alƙawarin ba ku labarin komawata Zariya, amma ku yi haƙuri, wata kwalba ta tsare ni. Shekaranjiya ina gyara akwatin Yaya na ci karo da ita, saura ƙwaya huɗu a ciki, suna sheƙi kamar man gyaɗa. Bitamin E ne, kuma ni na saya masa da kuɗin fanshona.

Da Inna na raye da ta ce, "Kallon kitse kuke wa rogo." Haka take cewa ko atamfa aka kawo mata talla.

Yaya ya fara tashi fitsari sau biyar sau shida cikin dare, kuma ba ya zuwa sai ɗis-ɗis. Mutum ne mai kunya, ni kaɗai ya gaya wa, a zaure bayan isha'i. Wani mai kemis ya rantse mini cewa Turawa sun gwada, wannan ƙwaya tana kashe sankarar maza, wato ta furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, tun kafin ta tsiro. Shekara biyu ina saye, Yaya yana haɗiya, ba wanda ya ce a je a ɗebi jininsa a yi gwajin PSA, wanda kan nuna alamar ciwon furostet. Ranar da muka je asibiti ciwon ya riga ya kama ƙashin bayansa.

Sai bayan sadakar arba'in ɗin Yaya, ɗan autana, wanda ke karatun likita, ya zaunar da ni. Ya ce, "Baba, rabin gaskiya mai kemis ya gaya maka." Wai a ɗakin gwaji, in an zuba wa ƙwayoyin sankarar furostet sinadarin bitamin D ko wasu nau'o'in E, girmansu kan ragu. An kuma taɓa ganin alamar amfani a wani bincike kan mashaya sigari a Finland. Shi ya sa a 2001 aka fara babban gwajin da ake kira SELECT, da maza sama da 35,000 a Amurka da Kanada da Puerto Rico. A 2008 aka ce su daina shan bitamin E ɗin, ba ya kare kowa. A 2011 kuma aka gano masu shan bitamin E ɗin sun fi kamuwa da kashi 17 cikin ɗari. Rogon Inna ke nan.

Har yau uwargidan Yaya tana faɗa a gidan biki cewa ni na hana a kai shi asibiti. Ni da na sayar da filina na Samaru a kan jinyarsa! Ina ƙannenta suke lokacin da nake kwana a barandar asibiti, sauro na cina? A 1987 ma da na ari kuɗi na biya wa babban ɗanta makaranta ban ji an yi shela ba. To, a bar wannan.

Na je an ɗebi jinina a watan Rajab. Kwalbar kuwa na mayar da ita akwatin, ƙarƙashin hularsa ta sallah.