Kwana biyu da na yi a Iskandariyya

Shekarata biyu ina karatu a Alƙahira ban taɓa leƙa Iskandariyya ba, kullum sai dai in ji yara suna labarin teku, sai da muka gama jarabawa a watan Janairu sannan ni da wani abokina ɗan Damagaram muka hau jirgin ƙasa a tashar Ramsis bayan sallar asuba, wajen awa uku muka sauka. Abu na farko da zan gaya wa duk mai niyya shi ne ya duba lokaci. Mu a tsakiyar hunturu muka je, kuma hunturun bakin Bahar Rum ba irin na Alƙahira ba ne, ruwan sama ne da iska mai ƙarfi wadda mutanen garin ke kira nawwa, igiyar ruwa har kan titin Kornish na bakin teku take watsowa. Da 'yar riga mai shara-shara na je, dole na sayi rigar sanyi a Manshiyya da kuɗin da na ware na abinci.

Ganuwar Ƙaitbay muka fara zuwa. Sarkin Mamalik ne Ƙaitbay, wato masu mulkin Masar a wancan zamani, ya gina ta wajen 1477 a daidai gurbin tsohuwar hasumiyar nan mai haska wa jiragen ruwa hanya, wadda girgizar ƙasa ta rushe tun kafin zamaninsa. In ka hau sama ka leƙa ta ƙananan tagogin da sojoji ke harbi ta ciki, ruwa ne iya ganinka, ga ƙananan jiragen masunta shuɗaye da koraye a ɗaure suna ta rawa a tashar gabas. A nan na ji cewa jiragen yaƙin Ingila sun yi wa garin luguden wuta a 1882 kuma ganuwar ma ta ji jiki. Ka tafi da katinka na ɗalibi, ana rage kuɗin shiga sosai, abokina ya manta nasa ya biya cikakke.

Garin tsoho ne ƙwarai, Iskandar na Makidoniya ya kafa shi shekara 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Girkawa suka yi zamaninsu, Rumawa suka yi, sannan rundunar Amru bin Aas ta karɓe shi zamanin Sayyidina Umar. Mun ga Amudus Sawari, dogon ginshiƙin jan dutse na Rumawa mai kusan mita 27, mun shiga kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom Shuƙafa da aka gano a 1900, ni dai ban jima a ciki ba. Sabon ɗakin karatun da aka buɗe a 2002 kuwa ya burge ni, rufinsa a karkace kamar faifai yana kallon teku.

Amma wallahi abin da ya tsaya min a rai ba ya cikin waɗannan. Muna dawowa daga ganuwa ruwa ya sake tsugewa, muka ruga masallacin Abul Abbas Al-Mursi a unguwar Bahari don mu fake mu yi la'asar. Shi mutumin Mursiya ne ta Andalus, almajirin Shehu Abul Hasan Shazali. Bayan sallah wani dattijo mai gyara takalman mutane a ƙofa ya tambaye mu daga ina, muka ce Najeriya da Nijar, sai ya nuna mana wani ƙaramin masallaci dab da wannan ya ce ai ba za ku tafi ba ku gaida Busiri ba. Na ce wane Busirin? Ya ce mai Burda.

Jikina ya mutu. Burdar da na tashi ina ji a zauren mahaifina duk watan Maulidi, da almajirai ke rerawa har dare ya raba muna yara muna gyangyaɗi a gefen tabarma, ashe ga inda ake ziyartar mai ita, kuma ban ma sa shi a lissafin tafiyata ba. Baitocin suna rubuce a jikin bango kewaye da masallacin, na bi su da ido ina karantawa a hankali, wasu tun kafin in kai ƙarshe bakina ya riga ya ƙarasa. Daga nan na kira Baba, na ce Baba ka san inda nake tsaye? Da na gaya masa ya yi shiru can ya ce in yi masa addu'a, in yi wa malaminsa da ya rasu.

Washegari mun so mu haɗa fadar Muntaza da sauran wurare duk kafin jirgin yamma, bai yiwu ba, garin dogo ne a miƙe bakin ruwa kuma cunkoson Kornish ba wasa. Kwana uku ya kamata mu ware. Kifi kuma da kilo ake sayarwa a Bahari, ka tambayi kuɗin kilo da na gashi kafin a ɗora a wuta, mu ba mu tambaya ba sai da lissafi ya zo. Muka haƙura da Muntaza, muka ci biredi da hantar nan tasu mai yaji a tsaye, na ce wa abokina mu koma wajen Busiri mu yi azahar kafin mu wuce tasha.