Megabait 100 a kan faifan da bai dace ba

Asabar.

Megabait 100 kacal. Bai kai nauyin bidiyon biki ɗaya da aka ɗauka da waya ba, amma shi ya cinye yinin yau tun daga hantsi har bayan isha'i.

Kwamfutar shagon Kawu ce, Dell OptiPlex ɗin nan mai ƙwaƙwalwar Intel i5-3470, ƙirar 2012. Makon jiya Auta ya ƙara mata ram ya kai gigabait 16, sanda huɗu masu 4-4, ya sa mata SSD, wato sabon faifan ajiya mai sauri, mai gigabait 256, ya ɗora Windows 10 sabo a kai. Ta yi ta gudu kamar an sauya ta. Jiya da yamma Kawu ya ce a cire tsohon faifan tunda ya fara ƙas-ƙas, a huta da ƙararsa. Ana cire shi, kwamfuta ta ƙi tashi. Baƙin allo, layi ɗaya yana cewa babu abin da za ta tashi da shi. A mayar da tsohon faifai, ta tashi lafiya lau. A cire, ta ƙi.

"To ba kun ce Windows ɗin yana kan sabon ba?" in ji Kawu.

"Yana kai, Kawu."

"To me ya haɗa shi da tsohon?"

Na ce masa ɗakin ne sabo, amma mukullinsa yana rataye a tsohon gida. Ya dube ni, ya dubi Auta. Auta ya ce, "Yaya, wallahi ranar ta tashi lafiya." Ai za ta tashi, tunda faifan biyu duk suna jone.

Na buɗe Disk Management na nuna musu. Tsohon faifan yana da wani ɗan yanki a farkonsa mai suna System Reserved, megabait 100, wanda Windows 7 ya yanka tun zamaninsa, kuma bai gusa ba ko da aka ɗaga kwamfutar zuwa 10. A ciki fayilolin tashi suke. Mai ɗora Windows, wato shirin da ke girka shi, idan ya tarar da irin wannan yanki a kan wani faifai da ke jone, yakan rubuta sabon Windows ɗin a cikin jerin da ke can, ba ya yanka wani a kan sabon faifai. Haka aka tsara shi, don masu son Windows biyu a kwamfuta ɗaya. A kan SSD ɗin Auta yanki ɗaya ne tak, an rubuta masa Boot, kalmar System kuwa tana can kan tsohon. Sunayen ma a birkice suke: wanda ake kira System shi ke tayar da kwamfuta, wanda ake kira Boot shi ke ɗauke da Windows. Maganin abin tun farko bai wuce zare wayar SATA ta kowane faifai ba, a bar wanda za a ɗora wa shi kaɗai.

Kawu ya ce a liƙe kawai. Ana iya liƙewa, ban ɓoye masa ba: a ɗan rage C, a yanka ƙaramin yanki, a mai da shi mai aiki, a kwafo fayilolin tashi da bcdboot. Minti goma. Amma da na danna F2 na leƙa BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, sai na tarar tana kan tsohon salon tashi na Legacy, faifan yana kan tsohon tsarin yanki na MBR, SATA Operation kuma yana kan RAID On, saitin haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, alhali babu wani RAID a ciki. Ɗorin bai wuce mako ɗaya ba, ba a tara masa komai ba. Liƙe abin da aka aza a karkace ba shi da riba a irin wannan lokaci. Na ce a share a sake daga tushe.

Nan ne gardamarmu da Kawu ta yi tsawo.

"Lasisin fa? Takardar da ke manne a jikinta ta Windows 7 ce, kuma an ce ta daina aiki."

Gaskiya ne an ce, kuma gaskiya ne ta daina. Tun Satumban 2023 lambar Windows 7 ba ta kunna sabon Windows 10. Sai dai wannan kwamfutar an ɗaga ta tun ana yi kyauta, don haka Microsoft na riƙe da shaidarta, kuma shaidar tana ɗaure ne da babban allon cikin kwamfutar. Sauya faifai ko ƙara ram ba ya taɓa ta. Sauya allon ne ke taɓa ta. Na kai shi Settings, wajen Activation, ya karanta da idonsa cewa lasisin dijital ne, kuma Pro ne. Wannan kalmar Pro ita ce abin riƙewa. Idan aka zo zaɓe aka danna Home, lasisin ba zai amsa ba, sai dai a sake aiki.

"In ya ƙi fa?"

"Tsohon faifan yana nan, Kawu, ba zan taɓa shi ba."

Sai da na faɗa sau uku kafin ya koma kujerarsa.

Kwashe kaya ya ci har azahar. CrystalDiskInfo, shirin duba lafiyar faifai, ya ba tsohon faifan launin ɗorawa, Caution, saboda gurabensa da suka lalace aka sauya musu wuri, wato ƙarar da Kawu ke ji ba a banza take ba. Na kwafi Documents da Desktop da Downloads na faifan biyu zuwa na waje da robocopy, tare da /E /R:1 /W:1, don kada ya tsaya yana maimaita fayil ɗaya da ya lalace har gobe. Abubuwan da ake mantawa su ne waɗanda ba sa zama a Documents: kalmomin sirri da ke cikin burauza, samfuran Word da ke ɓoye a AppData, nau'o'in rubutun da aka ƙara don katin gayyata, da lambar Office, wadda ba ruwanta da lasisin Windows. Na sa Kawu ya buɗe fayil uku na lissafin shago daga cikin kwafin kafin mu ci gaba. Kwafin da ba a buɗe an gani ba, ni ban yarda da shi ba.

Filash mai gigabait 8, Windows 10 22H2, wanda shi ne na ƙarshe. A Rufus, shirin da ke shirya filash ɗin ɗora Windows, na zaɓi GPT da UEFI, wato sabbin tsare-tsaren da suka maye gurbin MBR da Legacy. Fayil ɗin install.wim ya haura gigabait 4, tsarin ajiya na FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai haka, shi ya sa Rufus ke komawa NTFS da kansa. Masu kwafe kayan ISO, wato fayil ɗin Windows da aka sauke, da hannu zuwa filash a nan suke maƙalewa.

Na kashe, na zare wayar wuta, na cire wayoyi biyun tsohon faifan. SSD na mai da shi ramin SATA0, mai gudun gigabit 6, don Auta ya bar wa tsohon wannan ramin. A BIOS: Boot List Option zuwa UEFI, SATA Operation zuwa AHCI, saitin da ba na RAID ba, a danna Apply. F12 lokacin tashi, a zaɓi filash ɗin daga layin da ke ƙarƙashin UEFI. Sunansa yana fitowa sau biyu, sama da ƙasa, wanda ya zaɓi na Legacy ya koma gidan jiya.

Wajen lamba, I don't have a product key. Windows 10 Pro. Custom, ba Upgrade ba. Kamar yadda na zata, Windows ya ce ba zai ɗoru a kan wannan faifan ba saboda MBR ne, UEFI kuwa GPT take so. Goge duk yankunan har faifan ya koma fili ɗaya ya wadatar, mai ɗorin zai juya shi da kansa. Ni dai na fi son in gani da idona: Shift da F10, diskpart, list disk. Faifai biyu suka fito, SSD da filash, ana bambance su da girma. Select disk 0, clean, convert gpt, exit. Clean ba ya tambayar ko ka tabbata. Wannan ma wani dalili ne na zare tsohon faifan.

Na zaɓi filin, Next. Kafin ruwan shayi ya tafasa ta gama kwafi ta sake tashi. Ban jona intanet ba, don ta bar ni in buɗe asusun cikin gida ba tare da imel ba.

Ina kan tambayoyin ƙarshe aka ɗauke wuta.

Kusan minti arba'in. Muka yi la'asar. Da aka kawo, na kunna, sai ga saƙo cewa ba a saita agogo ba, a danna F2. Na shiga. Kwanan wata ya koma shekarun baya, Boot List ya koma Legacy, SATA ya koma RAID On. Duk abin da na saita ya shafe.

Kawu bai ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo.

Batir ne. Ɗan ƙaramin nan mai kama da kwabo a kan allon ciki, CR2032, volt 3. Na ciro shi na auna da mita, bai kai volt 2 ba. Muddin wayar wuta na jone a bango kuma akwai wuta, allon yana samun 'yar wutar da ke riƙe saitin ko da kwamfutar a kashe take, don haka mataccen batir ba ya tona kansa. Sai an ɗauke wuta gaba ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Kawu ya ce ai ta daɗe tana wannan rubutun da safe, F1 kawai yake dannawa ta wuce. Tsohon Windows ɗinsa an ɗora shi ne a kan saitin asali, Legacy da RAID On, saboda haka duk sanda BIOS ta manta, sai ta faɗa daidai inda yake so. Nawa ɗorin ne na farko da ya dogara da batir. Da na gyara UEFI kaɗai na bar SATA a RAID On, shuɗin allo zan samu mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, domin Windows da aka ɗora a AHCI ba ya loda draiban RAID lokacin tashi. Da kuma na manta agogo, kunna lasisi zai iya tsayawa da 0x80072F8F, shafukan intanet su yi ta kukan takardar shaida. Da Kawu ya ce ga abin da ya faɗa.

Auta ya hau babur ya sayo batir. A sa shi alamar + tana sama. Na sake saitin, na kashe, na zare waya daga bango na minti biyar da gangan, na mayar. Saiti yana nan daram.

Sauran aikin ba wani abu. Jona wayar hannu ta USB don intanet, a mai da haɗin metered, wato mai taƙaita cin data, kafin sabuntawa ta shanye datar wata. Lasisi ya kunnu da kansa cikin 'yan mintoci, na kira Kawu ya gani. Device Manager ya nuna alamar ɗorawa a kan PCI Serial Port da PCI Simple Communications Controller, duka biyun na Intel Management Engine ne, draibansu yana shafin Dell idan aka sa lambar Service Tag. Msinfo32 ya nuna BIOS Mode UEFI. Na kashe Legacy Option ROMs na kunna Secure Boot. Fsutil behavior query DisableDeleteNotify ya ba da 0, wato TRIM, mai share wa SSD guraben da aka goge, na aiki. Ram gigabait 16 cif, amma Task Manager na nuna gudun 1333 maimakon 1600, ashe biyu daga cikin sandunan masu jinkiri ne, kuma duk sai sun bi tafiyar mafi rauni. Ba zai ji bambancin a Excel ba. Allon rubutun Hausa don ƙ da ɗ da ɓ. Firinta.

Disk Management kuma: yankin EFI mai fayilolin tashi, megabait 100, wannan karon a kan SSD. Na daɗe ina kallonsa.

Bayan magariba ne abin ya sauya mini. Kwamfutar tana kai wa Desktop kafin mutum ya gyara zama, ba ƙara, ba zafi, ba abin da Kawu ke yi da ya fi ƙarfinta. Amma Windows ɗin da na yini ina ɗorawa, tallafinsa ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, ƙarin sabuntawar tsaro ta shekara ɗaya da aka buɗe wa masu amfanin gida kuma wa'adinta 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da Intel zuriya ta 8 zuwa sama. Tpm.msc a nan 1.2 yake nunawa, i5-3470 kuma zuriya ta 3 ce. Rufus na iya tsallake binciken, kuma 11 ɗin zai hau, sai dai ba a yi alkawarin sabuntawa ga irin wannan ɗori ba, ni kuma ba na son ɗora lissafin shagon mutum a kan wataƙila. Linux Mint 22, wani madadin Windows, zai zauna mata daidai, tallafinsa har 2029, amma samfuran Word na Kawu da firintarsa sai an gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Na fara yi masa bayani. Ya ɗaga hannu.

"Yau dai tana aiki?"

"Tana yi, Kawu."

"To Allah Ya yi albarka. Sauran ka bari sai an ci abinci."

Ba mu koma kan maganar ba.

Tsohon faifan yana cikin aljihun tebur, a naɗe da ledar da SSD ya zo a ciki. Na rubuta a jikinsa da maka kada a goge sai bayan wata ɗaya. Sai da na iso gida na tuna ban duba Sticky Notes ba, inda Kawu ke ajiye lambobin masu kawo masa kaya. Na tsohon faifan suna nan. Waɗanda ya rubuta cikin makon nan kuwa a kan SSD suke, wanda na yi wa clean.