Godiya bayan kare kundin digirina na uku

Alhamdu lillahi. Ranar Alhamis da ta wuce na kare kundin digirina na uku a fannin lissafi, kwamiti kuma ya amince da shi. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zo nan.

Da yawa kun tambaya wai me na karanta. Sunansa tofoloji, ilimin siffar abu da ramukan da ke jikinsa, wanda ake danganta tushensa da aikin masanin lissafi Euler na 1736 kan gadoji bakwai na birnin Königsberg. Ni ɓangarena sa kwamfuta ta gano siffa a cikin tarin bayanai. Kowane bayani ɗigo ne. Sai ka kewaye shi da da'ira, ka riƙa faɗaɗa ta sannu a hankali. Da'irori na haɗuwa, ramuka na buɗewa suna toshewa. Ramin da ya daɗe bai toshe ba, shi ake ɗauka da muhimmanci. Wani masani, Edelsbrunner, da abokan aikinsa biyu suka fito da wannan dabara a 2000, kuma a 2011 masanin lissafi Carlsson da wasu suka yi amfani da wata 'yar'uwarta suka gano wani rukuni na sankarar mama da ba a san da shi ba.

Malamina, Allah ya saka maka da alheri. Babu shafin da jan bironka bai taɓa ba. Ranar da ka dawo mini da babi na huɗu ka ce hujjar ba ta tsayu ba, raina ya ɓaci ƙwarai, amma wannan babin ne kwamiti ya fi yabawa.

Ina godiya ga mutanen da ba su san ni ba: Ulrich Bauer da ya rubuta manhajar Ripser, da masu manhajar GUDHI na cibiyar Inria a Faransa. Sun saki manhajojinsu kyauta. Ba don haka ba, da tsohuwar kwamfutata ba ta kai ni ko'ina ba.

Baba maigadi na sashenmu, kai ka riƙa bar mini ƙofa a buɗe idan an kawo wuta tsakar dare. Na gode.

Inna, ba ki taɓa tambayata amfanin karatun nan ba, addu'a kawai kike yi. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Baba da bai ga wannan rana ba. Uwargida, ke kika riƙe gida da yara lokacin da albashi ya tsaya. Allah ya biya ki, ya bar zumunci tsakaninmu da ku duka.