Da wace tiya ake auna mujalla?

Shekarar da na fara haɗa dosiyen neman ƙarin girma, ban san yadda ake lissafa ma'aunin tasirin mujalla ba, amma tsoronsa ya riga ya shige ni. Ina koyar da labarin ƙasa a nan Damagaram, bincikena kuwa a kan gawon da manoman Magariya da Matamai da Mirya suka raya a gonakinsu ne. Duk malamin jami'a a ƙasashenmu ya san hanyar: in kana son hawa daga mataki zuwa mataki, sai takardunka sun je gaban CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, wadda mazauninta ke Wagadugu. A can ake duba abin da ka rubuta da inda ka buga shi. Shi ya sa da lokacin ajiye dosiye ya matso, hirar ɗakin malamai ba ta wuce tambaya biyu. Mujallar nan tana cikin rumbu, wato jerin mujallun da aka amince da su? Nawa ce lambarta?

Ana cikin haka saƙo ya shigo mini daga wata mujalla ta ƙasar waje. Suka yabi aikina, suka ce ba za a yi sati biyu ba sun buga, a saman shafinsu kuma ga lamba mai tsoka da jan rubutu, wai ita ce tasirinsu. Na tura maƙalar da na shekara biyu ina bin gonaki a kan babur saboda ita, na biya kuɗin da za su sayi ragon layya. Ko waƙafi ɗaya ba wanda ya taɓa. Akwai kuskuren da na yi a jadawali na biyu, na sa sunan wani ƙauye a gurbin wani, haka suka buga shi. Daren da na gani ban yi barci ba, don na gane babu mahaluƙin da ya karanta aikin nan kafin ya fita.

Washegari bayan la'asar na samu wani dattijon malamin lissafi a fadar da muke shan shayi a Sabon Gari. Na miƙa masa waya, ya daɗe yana duban shafin, ya cire tabarau ya ce, "Ƙanena, wa ya ba su lambar nan?" Na ce ai ga ta nan a rubuce. Ya ce, "Na ga an rubuta. Wa ya ƙirga?" Sai ya jawo takardar da aka ƙunso sukari a ciki, ya juya bayanta, ya yi mini lissafin da har yau nake yi wa ɗalibaina a kan allo.

Ya ce a ɗauka wata mujalla ta buga maƙala 100 a shekarun 2021 da 2022 a haɗe. A cikin 2023 sai aka ambaci waɗannan maƙalu sau 200 a rubuce-rubucen wasu. Raba 200 gida 100, ka samu 2. Ma'aunin tasirinta na 2023 ke nan, babu wani siddabaru. Abin lura shi ne ba kowane ambato ake ƙirgawa ba, sai wanda ya fito daga mujallun da ke cikin rumbun Web of Science, kuma kamfani ɗaya ne, Clarivate, ke fitar da lambar sau ɗaya a shekara. Wadda ta karɓi kuɗina ba ta cikin rumbun. Lambarta daga wani shafi ta samo ta, irin waɗanda ke raba lamba ga duk mai biya.

Daga nan na shiga karatun asalin abin, ina jiran dare ya raba rezo ya yi ƙarfi. Wani Ba'amurke ne, Eugene Garfield, ya kawo shawarar a riƙa bin sawun ambato a 1955, ya kafa cibiyarsa a Filadelfiya, a 1975 kuma aka fara fitar da rahoton lambobin mujallu na shekara-shekara. An yi lissafin ne don zaɓen mujallun da za su shiga rumbu, masu ɗakunan karatu kuma suka riƙe shi don sanin wadda za su saya da ɗan kuɗin da ke hannunsu. Ba don a auna mutum ɗaya aka ƙirƙiro shi ba, Garfield da kansa ya sha yin kashedi a kan haka.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na wata mujallar masu nazarin ƙirar ma'adinai ne, Acta Crystallographica kashi na A. Lambarta tana wajen 2, kwatsam a rahoton 2009 ta tashi zuwa kusan 50. Maƙala guda ce ta jawo haka, wadda George Sheldrick ya rubuta a 2008 a kan manhajar kwamfutar da kusan kowa a fannin ke aiki da ita, duk wanda ya yi amfani da manhajar sai ya ambace ta. Da shekara biyun suka wuce, lambar ta sauko inda take. Sauran maƙalun mujallar ba su ƙara kyau ba a lokacin hawan, ba su kuma lalace ba a lokacin saukar. Haka abin yake a yawancin mujallu, ko da bai kai nan ba: maƙalu kaɗan ke kwashe mafi yawan ambato, sauran su raɓu da su. In aka ce mini wane ya buga a mujalla mai lamba 5, abin da na sani shi ne unguwar da ya sauka, abin da ya shigo da shi kuwa sai na buɗe na karanta.

Sai maganar shekara biyu, wadda ta fi shafar irinmu. A fannin ƙwayoyin halitta bincike na gudu, abin da aka buga bana baɗi an ɗora wani a kansa, saboda haka shekara biyu ta ishe su. Gawo fa? Itace ne da sai ka yi shekaru kana komawa gona guda kafin ka ce wani abu a kan yadda hatsin ƙarƙashinsa ya fi na fili, ko yadda yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Farfaɗowar itatuwan da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi a kan kimanin hekta miliyan 5 ta fara ne tun tsakiyar shekarun 1980, kuma an yi kusan shekara 20 kafin duniyar masana ta waiwaye ta sosai. Tarihi ya fi haka jinkiri. Littafin André Salifou a kan daular Damagaram a ƙarni na 19 ya fito a Yamai a 1971 cikin jerin Études nigériennes, har gobe duk mai rubutu a kan sarautar garin nan sai ya bi ta kansa. Wannan ambato na fiye da shekara 50 bai ƙara wa wata mujalla ko ɗigo ba a lissafin, don littafi ne, kuma ya daɗe da wuce wa'adi. Mujallun adabi da fasaha ma sai a 2023 Clarivate ta fara ba su lamba.

A Kasuwar Dole ana auna hatsi da tiya, kuma tiyar gaskiya take faɗa. Sai dai abin da aka kawo kasuwa kawai take aunawa. Hatsin da ke rumbun gida, wanda shi ke riƙe iyali har kaka, bai taɓa shiga cikinta ba. Rumbunan Web of Science da Scopus mafi yawan abin da ke cikinsu da Ingilishi yake, daga Turai da Amurka ta Arewa. Mujallun Afirka kaɗan ne a ciki, kaso mai yawa na kaɗan ɗin ma na Afirka ta Kudu ne. Mu kuwa da Faransanci muke rubutu, wasunmu da Hausa. Likitan da ya karanta rahoto a kan zazzaɓin damina ya canza yadda yake duba yara, ko ma'aikacin ruwa da ya ɗauki taswirar wani ɗalibi ya san inda dutse ya toshe ƙasa kafin a haƙa rijiya, ba sa rubuta maƙala balle su ambaci kowa. A gari irin namu, da ke zaune a kan dutse yana jiran ruwa daga Gogo da Arunguza da Ganaram, wannan amfanin ba ƙarami ba ne.

Ban yarda da abokan aikina da ke cewa a watsar da lissafin gaba ɗaya ba. Da na san shi tun farko, da kuɗina da wahalata ba su tafi a banza ba, don minti biyar sun isa mutum ya duba ko mujalla tana cikin jerin da take iƙirari. Bin sawun ambato kuma shi ya haɗa ni da masu aiki a kan gawo a Senegal da Habasha da Malawi: ka samu maƙala ɗaya mai kyau a Google Scholar, ka duba waɗanda suka ambace ta, hanya ta buɗe. Masanan da suka fitar da sanarwar San Faransisko bayan taronsu na 2012 ma abin da suka roƙa shi ne kada a ɗauki lambar mujalla a yanke wa mutum hukunci da ita wajen ɗauka aiki ko ƙarin girma ko ba da kuɗin bincike. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005, mai haɗa yawan maƙalun mutum da yawan ambatonsu, na mutum ɗaya ne, amma shi ma yana fifita wanda ya daɗe a fage da wanda fanninsa ke da jama'a.

Abin da ya fi yi mini ciwo daga ɗaliba ya zo. Ta kawo mini memuwar ɗinta na mastar a kan rijiyoyin unguwar Birni, na buɗe jerin littattafan da ta duba, na bi shi daga sama har ƙasa, babu aikin ɗan Nijar ko ɗaya. Akwai na Indiya, akwai na Ostireliya. Na ce, "Ke kuwa, duk ƙasar nan ba wanda ya taɓa rubutu a kan ruwan Damagaram?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mushe, ai ku kuka ce mu riƙa kawo na manyan mujallu, na gida ba su da nauyi." Ni na faɗa, a aji, shekarar da nake fama da dosiye. Na komo gida na ɗauko maƙaluna na duba, na tarar ni ma haka nake yi. Malamin da ke biro ɗaya da ni ya yi aiki a kan ƙasar noma a Kance, na karanta, na amfana, amma da na zo rubutu sai na nemo Bature da ya faɗi kusan abu ɗaya na ambata, don a ga jerina da kwarjini. Muna kukan ba a ƙirga mu, alhali mu ma ba ma kiran sunan juna. Mujalla kamar Mu Ƙara Sani ta Yamai, ko Harsunan Nijeriya ta Kano, ko ɗaruruwan da ke shafin AJOL mai tattara mujallun Afirka, ta yaya za a san da su a waje in mu da ke kusa muna tsallake su?

Na ba ta haƙuri, na ce kuskuren nawa ne. Ranar Asabar muka karɓi makullin ɗakin da ake jibge tsofaffin memuwar, ni da ita da wasu ɗalibai biyu. Kuran ya ɗauke, muka buɗe taga, ƙurar hunturu ta lulluɓe komai har sai ka goge bango da gefen riga kafin ka ga suna. Wasu gara ta ci gefensu. Wajen azahar ta ɗago wani mai shuɗin bango, wani ɗalibi ne ya bi rijiyoyin unguwar ɗaya bayan ɗaya da igiya da ma'auni, ya rubuta zurfin kowace da watan da take ƙafewa. Uku daga cikinsu suna cikin waɗanda ita ma ta auna. Ta zauna a ƙasa ta buɗe littafinta kusa da nasa tana gwada lambobin, can ta ce, "Mushe, ta bayan masallacin ta ƙara zurfi." Na ce ta rubuta sunansa da shekara da lambar shafi kafin mu ci gaba.