Ƙunshi ɗaya ya lalace, sabuntawa ta tsaya cak

Sana'armu kula da kwamfutocin ƙananan ofisoshi ce, ni da yaran da ke aiki a ƙarƙashina. Yawancin na'urorin da ke hannunmu tsarin aiki na Linux ne a kansu, ko Ubuntu ko Debian ko Linux Mint. A cikin koke-koken da ake kawo mana akwai wanda ba ya ƙarewa: mutum ya je saka wata manhaja, kwamfuta ta ƙi, ta jero masa rubutu da Turanci. Ya gwada sabuntawa, ta ƙi. Ya ce to bari ya cire abin da take kuka da shi, nan ma ta ƙi. Amma tana tashi lafiya, ana buga takardu, ana shiga intanet, don haka da yawa sukan rufe tagar su ci gaba da harkarsu.

Wannan rufe tagar ya fi damuna fiye da matsalar kanta. Daga ranar da ƙunshi ɗaya, wato dunƙulen fayilolin wata manhaja, ya maƙale, duk gyare-gyaren tsaro da ake fitarwa ba sa shiga na'urar. Manhajar shiga intanet tana tsufa, ramukan da aka riga aka toshe wa kowa suna nan a buɗe a wajenta, mai ita kuwa bai sani ba. Mukan karɓi na'ura mu duba tarihinta mu tarar an yi wata da watanni ba abin da ya shiga.

Kafin yaro ya taɓa na'urar kwastoma, sai na tabbatar ya gane yadda abin yake aiki. A Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, da Ubuntu da aka gina a kanta aka fara fitarwa a watan Oktoba na 2004, manhajoji suna zuwa ne a ƙunshe. Ma'aikata biyu ne ke ɗawainiya da su. Akwai dpkg, shi ne mai kwance ƙunshi ya ajiye kowane fayil a mazauninsa. Akwai apt a samansa, shi ne mai zuwa rumbun manhajoji ya ɗauko, ya kuma lissafa wane ƙunshi ne ke buƙatar wane. Shi dpkg kamar mai tsaron sito ne da littafinsa: duk abin da ya shigo ko ya fita sai ya rubuta. Littafin nan fayil ne guda, /var/lib/dpkg/status, kuma a cikinsa kowane ƙunshi yana da matsayi, ko an kwance shi kawai, ko an fara daidaita shi ba a gama ba, ko ya zauna daram. Idan aiki ya katse a tsakiya, littafin zai nuna akwai wanda bai kammala ba, apt kuma ba zai yarda ya ɗora sabon aiki a kan wanda ya rage ba. Ina ganin wannan ƙin nasa daidai ne. Da zai ci gaba da ido rufe, da ɓarnar ta fi haka.

Don haka dokar farko a wajenmu ita ce karatu. Layin ƙarshe da ke cewa dpkg ya dawo da kuskure mai lamba 1 shi kowa ke kwafa ya kai intanet, alhali bai faɗi komai ba sai cewa an gaza. Ainihin dalilin yana sama, wani lokaci layi goma ko ashirin kafin nan, inda aka ambaci sunan ƙunshin da abin da ya hana shi. In rubutun ya wuce, yana nan a ajiye a /var/log/apt/term.log, sannan history.log da ke kusa da shi zai gaya maka ranar da aka yi aikin da umarnin da aka bayar. Sau da yawa kwastoma zai ce, “Wallahi Malam ban taɓa komai ba.” Ba ƙarya yake yi ba, bai ɗauki abin da ya yi a matsayin taɓawa ba ne. Tarihin ne zai nuna an ƙara wani rumbu na waje don a sami sabon samfurin wata manhaja.

Mafi sauƙi shi ne aikin da ya katse: wuta ta ɗauke, ko batir ya mutu, ko an gaji da jira an kashe na'urar. Nan dpkg --configure -a yakan ƙarasa abin da aka bari, sai a bi shi da apt --fix-broken install don ya ciko abin da ya rage. Minti kaɗan an gama.

Kafin ma wannan, mukan duba sarari da df -h. A na'urorin da aka ware wa /boot, inda fayilolin tada na'ura suke, ɗan ƙaramin yanki, tsofaffin kenel, wato zuciyar tsarin Linux, sukan taru su cika shi. Sabuwar kenel ta zo, babu inda za a rubuta fayilolinta, ta maƙale. Sai mai na'ura ya shiga tsaka mai wuya: ba a cire tsofaffin da apt sai an gyara sabuwar, ba a gyara sabuwar sai an sami wuri. Abin da muke yi shi ne mu duba wadda ake kai yanzu da uname -r, mu cire tsohuwa ɗaya ko biyu kai tsaye da dpkg, mu bar wadda ake kai da wadda ke bayanta, sannan mu sake gyaran. Yaron da ya goge kenel ɗin da na'ura ke tashi da ita ya mai da aikin rabin awa aikin yini guda, shi ya sa nake sa su karanta mini lambar da baki kafin su danna.

Batun makulli ma yana rikita mutane. Saƙo zai ce an kasa samun lock-frontend, fayil ɗin da ke hana aiki biyu taɓa littafin lokaci guda, sai a ga shawara ko'ina cewa a goge fayil ɗin. Galibi kuwa wani aiki ne ke gudana a ɓoye, musamman unattended-upgrades da ke saka gyaran tsaro jim kaɗan bayan an kunna na'ura. Goge makullin a wannan lokaci yana nufin ma'aikata biyu su riƙa rubutu a littafi ɗaya lokaci guda, kuma da hannunka ka haifar da lalacewar da ba ta wanzu ba. A duba wane ne ke riƙe da shi, a jira ya gama. Sai an tabbatar babu mai riƙe da shi ake maganar gogewa.

Inda aikin yake cin lokaci shi ne rumbunan waje, irin waɗanda a Ubuntu ake kira PPA, da ƙunshin da aka sauko da shi daga wani shafi aka saka da hannu. Sabon samfurin yakan nemi wani ƙunshi da yake dogaro da shi wanda babu shi a wannan fitowar ta tsarin, ko ya yi ƙoƙarin rubuta fayil a kan wanda wani ƙunshi ya riga ya mallaka, dpkg kuma ba ya yarda fayil ɗaya ya zama na mutum biyu. A nan apt policy ne abokin aikinmu, domin yana nuna daga wane rumbu kowane samfuri ya fito. Maganin yawanci komawa baya ne: a cire rumbun, a mayar da ƙunshin zuwa samfurin asali, da ppa-purge ko da hannu. Kwastoma ba ya son jin haka, don sabon yake so. Nakan zauna in yi masa bayani cewa akwai hanyoyin samun sabon da ba sa taɓa gindin tsarin, kamar Flatpak ko Snap.

Wani lokaci kuma babu ƙunshin da ya lalace, fitowar ce ta mutu. Ubuntu na yau da kullum wata tara kawai ake tallafa masa, mai dogon zango kuwa, wanda ke fita a watan Afrilu duk shekara biyu, shekara biyar. In wa'adi ya ƙare, ana kwashe rumbun zuwa old-releases, sai na'ura ta riƙa samun 404, saƙon da ke nufin ba a sami abin da aka nema ba. Saboda haka ba ma saka wa ofis komai sai mai dogon zango.

Akwai ranar da dole a yi amfani da ƙarfi. Kowane ƙunshi yana iya zuwa da 'yan rubutattun umarni da ake gudanarwa kafin saka shi da bayan sakawa, kafin cirewa da bayan cirewa, suna zaune a /var/lib/dpkg/info. Idan na cirewa ya gaza, misali yana neman tsayar da wani aiki da babu shi, ƙunshin ba zai fita ba kuma ba zai gyaru ba. Mukan buɗe rubutun mu karanta, mu gano layin da ke faɗuwa, mu gyara wannan layin kaɗai. Idan dpkg ya ce ƙunshin yana cikin mummunan hali sai an sake saka shi, mukan fara gwada sake sakawar, in ta ƙi sannan mu kai ga --force-remove-reinstreq, a kan wannan ƙunshi ɗaya, bayan mun kwafi littafin mun ajiye a gefe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne --force-all da ake rabawa kamar maganin kowace cuta, da shawarar a share duk abin da ke cikin info. Saƙon kuskure zai ɓace, gaskiya ne, amma tsarin ya manta wane fayil na wane ne, kuma garin neman gira an rasa ido.

Haka nan duk umarnin apt da zai cire abu, sai mun fara gwada shi da -s, wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da an yi ba. Idan jerin abin cirewa ya yi tsawo, ko ka ga sunan manhajar allon aiki a ciki, ka tsaya. apt yana iya warware rikici ta hanyar cire rabin na'urar, kuma a lissafinsa ya yi daidai.

Kwastomomi da yawa sukan ce, “Oga, ka goge komai ka sake sakawa mana, ba ya fi sauri ba?” Wani lokaci ya fi, musamman in fitowar ta daɗe da mutuwa ko an riga an yi wa littafin kaca-kaca. Amma na'urar ofis tana ɗauke da firinta da aka sha wahala kafin ta yi aiki, da manhajar lissafi, da saitin da babu wanda ya tuna yadda aka yi shi. Gyaran ƙunshi ɗaya yana barin duk wannan a inda yake. Idan mun gama, sai dpkg --audit ya dawo babu ƙorafi, sabuntawa ta gudana har ƙarshe, an kashe na'urar an kunna ta tashi, sannan mu rubuta a takardar aikin wane ƙunshi ne, me ya jawo, me muka taɓa. Kwafi ɗaya na kwastoma, ɗaya namu, don wanda zai zo bayanmu ya san inda aka tsaya.