Buhu 31 na siminti da suka zama dutse a hannuna

Har yau in na shiga kangon nan nawa ba na son kallon kusurwar gabas, nan suke jere, buhunan simintin da suka daskare, ko wanne ka buga shi da guduma sai ta dawo maka.

Tsoro ne ya ja min. Duk wanda ke Damagaram ya san abin da muka gani bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta saka wa Nijar takunkumi aka rufe iyaka da Najeriya, kayan da muka saba samu ta hanyar Kano da Daura suka yi wuya, siminti da rodi da kwano kullum ka je ka tarar da wani kuɗi sabo. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 amma ni zuciyata ba ta kwanta ba, na ce gara in saye in aje kafin ya sake hawa. Na sayar da raguna biyu, na haɗa da adashen uwargida, a watan Mayu na ɗauko tan 4, buhu 80 kenan, alhali kuɗin rodi da na ma'aikata ba su a hannuna. Ko ruwan da za a kwaɓa ban lissafa ba, a garin nan da ruwa kansa sai ka bi 'yan garuwa.

Tsohon maginin da ke min aiki ya faɗa min tun ranar da aka sauke. Ya ce "Malam, siminti ba hatsi ba ne da za ka zuba a rumbu, in ya wuce wata uku ƙarfinsa raguwa yake ko ruwa bai taɓa shi ba." Na ce Baba ai na rufe da leda. Ya ce to ko katako ka sa a ƙasa, ka janye shi daga jikin bango. Na ce to, ban yi ba. Katakon da bai fi jika biyar ba!

Sai daminar 2024 ta zo yadda ta zo. Daminar da ta kai tsohon masallacin unguwar Birni ƙasa a farkon Satumba, ginin da ya haura shekara 150 yana tsaye, ina ga ɗakina mai rufin kwano rabi da rabi. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, layin ƙasa duka ya sha, na jikin bango kuma laima ta gama da su. Sauran ma da muka buɗe duk gudaji, sai da muka tankaɗe, Baba ya ce ba zai zuba ginshiƙi da shi ba, sai dai daɓe.

Abin da ya fi ƙona min rai, a Oktoba gwamnati ta rage kuɗin simintin da ake yi a cikin ƙasa, irin na masana'antar Malbaza, saboda waɗanda ambaliya ta rusa wa gidaje. Wato na saya da tsada, na yi asarar kusan rabi, maƙwabcina da bai yi gaggawa ba ya saya da sauƙi. Kwana biyu ban iya cin tuwo ba.

Yanzu dai na sauke girman kai. Harsashi da layin ƙasa mun yi da dutse da siminti, dutse kam Allah ya hore mana shi a Damagaram, sama kuma bulon laka ne, za a yi masa shafe. Da ina ganin laka ta talaka ce, to ni wane ne? Mai albashi irina in ya ce sai siminti tun daga ƙasa har sama, yaransa za su girma a gidan haya. Kuma ɗakin laka ya fi sanyi in bazara ta kama, abin da yake so kawai harsashi mai tsawo da indararo mai kai ruwa nesa da bango.

Siminti kuma buhu goma nake saye, ranar da magini ya ce gobe za a yi aiki. Guda biyu cikin waɗancan 31 ɗin na sa a bakin ƙofa ana takawa, uwargida duk ta zo duba aiki sai ta tsaya a kai ta ce ga adashenta nan.