Ranar da na sa cakulan a miyar kaza

Da na ce wa surukata zan sa koko a miyar kaza, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, kokon kamu? A miya?" Na ce a'a Hajiya, wanda ake yin cakulan da shi. Ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da jan carbinta.

Miyar mutanen Meziko ce na gani a YouTube, sunanta mole, kuma ta garin Puebla ta fi suna. Kalmar mole daga harshen mutanen Aztek, tsoffin mazauna ƙasar, ta fito, ma'anarta miya kawai. A can abincin biki ce, a al'ada da talo-talo ake cinta, amma ana yi da kaza, kuma kayan haɗinta kan haura ashirin.

Karon farko gaggawa ta ci ni. Na ɗauka cakulan ne jigon abin, sai na narka sanda guda ta mai madara, irin na yara, a cikin miyar tumatir. Zaƙi kamar shayin da aka cika wa sukari, ga maiƙo ya taso sama. Maigida ya yi loma biyu, ya sha ruwa, ya tambaya ko akwai sauran tuwon jiya.

Sai da na koma na kalla a tsanake na gane ashe miyar busasshen barkono ce. Suna haɗa iri uku, ancho da mulato da pasilla, manya ne masu duhu, ba su da yaji sosai. Ban same su ba, don haka na yi amfani da busasshen tattasai da barkono ƙwaya biyu. Ana cire 'ya'yan, a ɗan gasa ɓawon a busasshen kasko, daƙiƙu kaɗan kowane gefe. Na juya ɗauko ludayi, kafin in waiwayo ƙauri ya cika kicin. Wanda ya ƙone ɗaci yake yi, babu gyara, zubarwa na yi na sake. Na biyun na jiƙa shi minti 20 a romon kazar mai zafi.

Daga nan na soya riɗi daban, gyaɗa daban, sai albasa da tafarnuwa da tumatir. Ina cikin juya gyaɗar dariya ta kama ni, don abin ya fara kama da hanyar miyar taushe. Na daka kirfa da kanumfari da masoro. Dabino huɗu suka maye gurbin zabibi, busasshen burodi kuma ya tsaya a madadin wainar masararsu da ke ba miyar kauri. Su da man alade suka saba soyawa, ni man gyaɗa na sa, kuma duk wanda tafiya ta kai shi can ya tambaya kafin ya ci.

Na markaɗe duka, na zuba a mai. Tsalle yake yi kamar talge, har yanzu akwai ɗan tabo a wuyan hannuna. Na ƙara romo, na rage wuta, na yi kusan awa ɗaya ina juyawa don kada ya kama.

Cakulan shi ne na ƙarshe, baƙi mai koko kashi 70 cikin 100, giram 30 kacal ga kaza guda. Shago uku na shiga kafin in samu, kuma na Turai ne, alhali Kodebuwa da Gana ke noma fiye da rabin kokon duniya, ga namu na Ondo. Da ya narke, miyar ta yi duhu tana sheƙi, kaifin barkonon ya kwanta, wani ɗan ɗaci mai gardi ya zauna can ƙasan harshe. Ba a jin cakulan a matsayin cakulan. Aikin daddawa yake yi.

Washegari da na ɗumama ta fi daɗi. Na zuba wa Hajiya a kan farar shinkafa, na barbaɗa riɗi. Ta ci shiru har ta tauna ƙashi, sannan ta ce gishiri bai ji ba, kuma in zuba mata sauran a kula za ta tafi da shi.